Rejeks

rejeks suna, namiji. Aro daga Turanci. Jerin alamomi da mai rubuta manhaja ke tsarawa don kwamfuta ta duba ko rubutu ya bi wani fasali. Misali: "Sa rejeks a gurbin kuɗin, kar wani ya cusa harafi." Masanin lissafi Stephen Kleene na Amurka ne ya aza tushensa a 1951.

Ana yawan amfani da shi wajen tantance lamba. Idan aka rubuta ^[0-9]+$, ana nufin daga farkon rubutu har ƙarshe kada a sami komai sai alƙaluman 0 zuwa 9. Zai karɓi 2500, ya ƙi 25a0. Sai dai kuma zai ƙi -7 da 3.5, alhali lambobi ne na ƙwarai; don a shigo da su sai a faɗaɗa shi zuwa ^-?[0-9]+(\.[0-9]+)?$.

A harshen rubuta manhaja na Python 3, alamar \d, wadda ita ma ake tantance lamba da ita, tana karɓar alƙaluman Larabci irin ٣ da ٧ da masu rubutun ajami suka saba da su, amma [0-9] ba ta karɓarsu. Mai gina wa Hausawa fom ya auna wannan kafin ya zaɓa.