Ƙugiya da Gashin Zakara: Tarihin Fatsar Masu Neman Natsuwa

A wurin mafi yawan mutanen duniya, kamun kifi neman abinci ne. Masunci yakan shimfiɗa taru ko ya jefa koma, ribarsa kuwa ita ce abin da ya cika masa kwando. Amma akwai wata irin fatsa da ta bunƙasa a Turai, musamman a Ingila, wadda mai yin ta yake zaɓar hanya mafi wuya da gangan. Ba ya sa tana a ƙugiyarsa. Sai ya naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, sa'an nan ya wurga ta a hankali ta sauka bisa ruwa kamar iska ce ta kawo ta. Yana iya wuni a bakin kogi bai kama ko ɗaya ba, ya koma gida da farin ciki. Yadda wannan dabara ta tashi daga neman abinci ta koma neman natsuwa, da nauyin da natsuwar ta ɗora wa masu ita daga baya, tarihi ne mai tsawon shekara kusan dubu biyu.

Ɗaya daga cikin bayanai mafi daɗewa game da ita ya fito ne daga alƙalamin Claudius Aelianus, wani marubucin Rum da ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ya ba da labarin wani kogi a ƙasar Masedoniya inda kifaye masu ɗigo-ɗigo suke cin wani ƙwaro da ke shawagi a kan ruwa. Masuntan wurin sun lura cewa da zarar hannu ya taɓa ƙwaron, launinsa yakan gushe, fukafukansa su yanƙwane, kifi kuma ya ƙi shi. Don haka suka naɗa jan ulu a ƙugiya, suka ɗaura gashi biyu na ƙasan wuyan zakara masu launin kakin zuma, suka yaudari kifin da su. Waɗannan mutane abinci suke nema, amma sana'arsu ta tilasta musu abin da ya zama tushen al'adar baki ɗaya: zura wa kogi ido har sai an san abin da kifi yake ci, da lokacin da yake cin sa.

A shekarar 1496 aka buga wata 'yar maƙala kan fatsa a Westminster, cikin wani babban littafi na farauta, wadda aka saba jingina wa wata mace mai zaman ibada, Juliana Berners. Maƙalar ta kawo ƙwari goma sha biyu na gashi da ulu, kowanne da watan da ya dace da shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hujjar da ta kafa. Ta nuna cewa maharbi da mai shaho sukan sha wahala su dawo da takaici, shi kuwa mai fatsa ko bai kama kome ba ya sha iska mai daɗi, ya ji kukan tsuntsaye, ya samu kaɗaicin da zai yi addu'o'insa. Ta gargaɗe shi kada ya kama fiye da bukatarsa, kada ya karya shingen gonar wani. Sai dai a ƙarshenta an bayyana cewa an sa ta cikin babban littafi ne don kada ta faɗa hannun kowane ɗan zaman banza. Tun daga farko ke nan, natsuwar ta zo da katanga kewaye da ita.

Mutumin da ya fi kowa haɗa sunan fatsa da kwanciyar rai shi ne Izaak Walton, wani ɗan kasuwar Landan da aka haifa a 1593. Ya fitar da littafinsa, The Compleat Angler, a 1653, yana da shekara sittin, a lokacin da duk abin da ya dogara gare shi ya rushe. Yaƙin basasa ya ci Ingila, an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, cocin da Walton yake bi an danne shi, abokansa malaman addini da yawa an kore su daga muƙamansu. A cikin wannan hali ya rubuta littafin da ya kira fatsa nishaɗin mai tunani, inda matafiya suke hira a bakin ruwa, su kwana a masauki mai tsabta, su gode wa Allah da abin da suka samu. Masana da dama suna karanta littafin a matsayin ta'aziyya ga ɓangaren da aka ci da yaƙi, yana koya musu cewa mahakurci mawadaci ne. Shi kansa Walton ya fi sabawa da tana da kwaɗo a ƙugiya. Abokinsa Charles Cotton ne ya ƙara sashen fatsa da ƙwaron gashi a bugu na biyar, a 1676, kuma ɗan ɗakin da ya gina musu a gefen kogin Dove a 1674 yana nan tsaye har yau.

A ƙarni na 19 kallon kogi ya zama ilimi. Alfred Ronalds ya kafa 'yar bukka a kan kogin Blythe don ya riƙa leƙen kifi ba tare da sun gan shi ba, ya kuma fitar da littafi a 1836 mai zanen kowane ƙwaro na gaske kusa da kwaikwayonsa. Cibiyar wannan ilimi ta koma kudancin Ingila, kan koguna irin su Test da Itchen. Ruwansu yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin duwatsun alli, ya fito garau da sanyi, rani da damina, har mutum yana iya hango kifin tirawut tsaye yana jiran abinci. A irin wannan ruwa gaggawa ba ta da amfani. Inuwa ɗaya ko taku mai nauyi ya isa ya kori kifi, dole mai fatsa ya durƙusa, ya yi shiru, ya jira.

Amma ɗan Adam ko a wurin natsuwa sai ya sami abin jayayya. Frederic Halford, wanda littattafansa suka fito a 1886 da 1889, ya koyar da cewa hanya mai mutunci ita ce a wurga busasshen ƙwaro mai yawo a saman ruwa ga kifin da aka gani yana tasowa. Mabiyansa suka mai da wannan shawara doka. Wani lauya, G. E. M. Skues, ya lura cewa kifi ya fi cin tsutsar ƙwarin a ƙarƙashin ruwa kafin su yi fiffike, ya fara kwaikwayonta, ya rubuta hakan a 1910. Aka ɗauke shi kamar mai bidi'a. A 1938 aka yi muƙabala a kan lamarin a wata ƙungiyar masu fatsa a Landan, kuma a shekarar nan Skues, yana da shekara tamanin, ya bar yankin Itchen da ya yi fiye da shekara hamsin yana fatsa a cikinsa. A duk tsawon wannan zamani, gaɓar kogunan tana hannun masu ƙasa da ƙungiyoyin attajirai, irin ƙungiyar Houghton da aka kafa a 1822. Leburan masaƙa da hayaƙi ya fi kowa shaƙewa ba shi da rabo a wannan ruwa.

Rayuwar Edward Grey ta ɗaga tambayar da ta fi kowace nauyi. Ya rubuta littafi kan wannan fatsa a 1899, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya daga 1905 zuwa 1916. Yana da ɗan gida a gefen Itchen, inda yakan tsere da jirgin ƙasa na asuba a ƙarshen mako. A ranar Asabar 25 ga Yuli 1914, Turai tana bakin ramin yaƙi, ya tafi can kamar yadda ya saba. Kwana tara bayan haka ya tsaya gaban majalisa ya yi jawabin da ya share wa ƙasarsa hanyar shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu sukarsa suna ganin mutum ne da zuciyarsa take bakin kogi alhali duniya tana ci da wuta. Masu kare shi suna cewa daga can yake samo ƙarfin ɗaukar nauyin da ke kansa. Daga baya idanunsa suka raunana har ya daina ganin ƙwaronsa a kan ruwa, gidan kuma ya ƙone a 1923.

In da tarihin ya tsaya a nan, da sai a ce natsuwar mai fatsa gudun duniya ce ta masu hali. Abin da ya biyo baya ya sauya hukuncin. Da masana'antu da magudanan birane suka riƙa kwarara dauɗa cikin koguna, masu fatsa suna cikin waɗanda suka fara gani, domin ƙwarin da suke kwaikwayo sukan mutu tun kafin kifi ya mutu. A 1948 wani lauya, John Eastwood, ya kafa ƙungiyar da ke tara kuɗin masu fatsa don kai masu gurɓata ruwa kotu. A farkon shekarun 1950 wata ƙungiyar masu fatsa ta garin Derby ta yi nasara a shari'a kan wani babban kamfani da hukumar birnin da hukumar lantarki, saboda lalata kogin Derwent. A Amurka aka kafa Trout Unlimited a jihar Michigan a 1959, al'adar sakin kifi bayan an kama shi kuma ta bazu. A 2013, masu sa kai da ke ƙidayar ƙwarin ruwa ne suka gano cewa maganin ƙwari ya shiga kogin Kennet ya yi ɓarna mai tsawon kilomita da yawa.

Kogunan alli a duniya kusan 200 ne kacal, mafi yawansu a Ingila, kuma a yau ɗibar ruwa don birane da zubar ƙazanta suna rage su. Wanda ya ratsa gada a mota ba zai san an yi asara ba, domin ruwan yana nan yana gudu. Mai sani shi ne wanda ya yi shekaru a durƙushe a gaɓa, ya san watan da kowane ƙwaro yake fitowa, har ya lura da shekarar da bai fito ba.