Yadda ma'anar wata kalma ke shiga cikin ta wata

A ilimin ma'ana, wani reshe na kimiyyar harshe, masana kan yi nazarin yadda kalma guda ke tattare ma'anonin wasu kalmomi a ƙarƙashinta, tamkar uwa da 'ya'yanta.

Masanin harshe ɗan Birtaniya, John Lyons, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan nazari tun daga shekarar 1963.

Hatsi, dawa, kaura

Kasuwannin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin jihar Kano na nuna wannan tsari ƙarara.

Kalmar hatsi ta ƙunshi dawa da gero da maiwa. Ita kuma dawa ta ƙunshi kaura da farfara.

Ana gane dangantakar ne da cewa ba ta juyuwa: kowace kaura dawa ce, amma ba kowace dawa ce kaura ba.

Haka lamarin yake ga masunta a madatsar ruwa ta Tiga, inda tarwaɗa da karfasa duk ke ƙarƙashin kalmar kifi.

Sai dai masana na bambanta wannan da dangantakar abu da sashensa. Kara da zangarniya sassan dawa ne, ba ire-irenta ba.

Inda ake samun saɓani

Matsayin kalma kan sauya daga wuri zuwa wuri. A sassa da dama na Jamhuriyar Nijar, idan aka ce hatsi, gero ake nufi.

Don haka ɗan kasuwa ko mai fassara sanarwar agajin abinci da bai san wannan ba, zai iya alkawarta wani abu, a fahimci wani daban.

Masu rubuta ƙamus ma na dogaro da tsarin, domin akan bayyana kalma ne ta hanyar ambaton uwarta, sannan a faɗi abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta.

A kan irin wannan dangantaka ce aka tsara sunaye a WordNet, rumbun kalmomin Ingilishi na kwamfuta da aka fara a jami'ar Princeton ta Amurka a 1985.

Ƙananan kalmomin dai a bakin manoma da masunta suka fi zama, kuma idan aka daina noma wani iri, sunansa ma kan bi shi.