Daga Ruwaƙin Barno Zuwa Takardar Iƙama

Duk wanda ya ga ɗaliban ƙasashenmu a birnin Alƙahira sun yi sammako sun ja layi a ƙofar ofishin fasfo, kowa rungume da takardar shaidar makaranta da hotunansa, yana jiran a buga masa hatimin iznin zama na shekara guda, zai zaci haka al'amarin yake tun fil'azal, alhali kuwa mutanen yankinmu sun yi ƙarni bakwai suna neman ilmi a Masar kafin wani ya tambaye su wannan takarda.

Tun wajen shekarar 1240 da 'yan kai, a zamanin Mai Dunama Dibbalemi, alhazan Kanem suka ba wani alƙali Bamalike mai suna Ibn Rashiƙ dukiya, ya gina musu madarasa a tsohuwar Alƙahira, wadda ta zama masaukinsu da wurin karatunsu, kuma marubucin tarihi Maƙrizi ya ambata cewa sun ci gaba da aiko mata da kuɗi. Daga baya, da masallacin Azhar ya zama cibiyar ilmin Ahlus Sunna, sai aka rarraba sassansa ga baƙi gwargwadon ƙasashensu: Magribawa da ruwaƙinsu, haka mutanen Sham da Turkawa da na Jawa, mutanen Barno ma da nasu. Almajirin da ya iso da ƙurar Sahara a jikinsa ba ya neman wani jami'in hukuma. Shehin ruwaƙi yake nema, ɗan ƙasarsu ko mai jin harshensu, wanda zai tambaye shi garinsu da malamansa da littattafan da ya sauke, in ya gamsu ya sa sunansa a daftari. Shigar suna a daftarin nan ita ce iznin zamansa, kuma ita ce ke ba shi wurin shimfiɗa tabarma da rabon gurasa daga dukiyar waƙafi, ko da yake sau da yawa sai ya yi haƙuri ya jira wani ya tafi ko ya rasu kafin rabon ya zo kansa.

A irin wannan tsari Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi da ilmin hatimi, ya zauna a Alƙahira bayan ya sauke farali, har ajali ya same shi a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Abin da ya buɗe wa Bakatsinen nan ƙofar wannan gida shi ne ilminsa da shaidar malamai. Kada dai a ɗauka zamanin nan sauƙi ne zalla: tafiyar kan ci shekaru, ƙishirwa da 'yan fashi sun cinye da yawa a hanya, kuma ɗa mai tafiya kan yi sallama da iyayensa sallamar wanda ba ya tsammanin sake ganinsu.

Sauyi ya zo ne da Turawa. Bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma Masar da Sudan suna hannun Ingila, Cadi tana hannun Faransa, sai hanyar gabas ta cika da shingaye, sannan taron da Majalisar Ƙasashe ta yi a Faris a 1920 ya daidaita siffar fasfo a duniya. Hukumar mulkin mallaka, wadda tsoron Mahadiyya bai taɓa barinta ba, tana kallon duk mai zuwa gabas da ido biyu, balle bayan juyin mulkin Masar na 1952. Saboda haka ne da aka tashi tura ɗaliban Makarantar Nazarin Larabci ta Kano ƙaro ilmi a 1954, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, aka kauce wa Azhar aka kai su Bahtar Ruda ta Sudan, inda Ingilishi ke iya sa ido a kansu. A nan za a ga cewa takardar tafiya ta fara aiki ne a matsayin linzami a hannun mai mulki, yana juya ɗalibi inda ya ga dama.

Jamal Abdul Nasir, shugaban Masar na lokacin, shi ma da tasa manufar. Ya gina wa baƙin ɗalibai unguwa sukutum, Madinatul Bu'us, wadda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1950, sannan dokar 1961 ta mayar da Azhar jami'a ta zamani mai sassan likitanci da injiniya. A wannan shekarar ce kuma Sa'udiyya ta kafa Jami'ar Musulunci ta Madina. Gurabe suka yawaita, jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, amma sai shehin ruwaƙi ya ja baya, akawu ya maye gurbinsa. Shekaru da dama ɗalibanmu sun san babban ginin Mujamma'a na dandalin Tahrir fiye da yadda suka san wasu ajujuwansu, don can ake hawa da sauka ana neman iƙama, wato iznin zama, kafin a mayar da ofishin unguwar Abbasiyya a 2019.

Babban bambanci, a ganina, yana ga maganar abinci. A da, karɓar almajiri na nufin wani ya ɗauki nauyin cikinsa, domin masu waƙafi sun ɗauki ciyar da mai neman ilmi ibada. A yau ƙasashe da yawa, musamman na Turai, ba su ba ɗalibi iznin zama sai ya kawo shaidar banki cewa yana da abin da zai ci, tare da takardar karɓa daga jami'a da inshorar lafiya, kuma idan karatu ya tsaya iznin ma ya faɗi. Azhar da Madina har yanzu suna ciyar da waɗanda suka ba gurbi kyauta, amma wanda ya zo da kuɗinsa ya yi sakaci iƙamarsa ta ƙare, tara ce ke jiransa, wani lokaci har da kora, ko da ya haddace littafin fiƙihu na Muhtasar tun daga babin tsarki har zuwa na gado.