Sauke Injin Ban Ruwa: Kayan Da Ake Mayarwa Da Waɗanda Ake Jefarwa

Idan injin ban ruwa ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ƙarfinsa kuma ya ragu, lokacin sauke shi ya yi. A nan ne manomi kan ce wa makanike ya lallaɓa ya mayar da tsofaffin kaya don a rage kuɗi. Wasu suna mayuwa, wasu kuwa asara ce.

Gaskit, oyil-sil da ringi ba a mayar da su, ko da ido ya ga kamar lafiyarsu ƙalau. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, in ka kwatanta da sake buɗe inji ana tsakiyar noman rani, tumatir na jiran ruwa.

Fistan, karanshaf da silinda kuwa awo ne alƙalinsu. A injin Honda GX160 faɗin silinda milimita 68 ne. A tura sabon ringi ciki, a auna giɓin da ke tsakanin bakinsa biyu. Daidai shi ne milimita 0.2 zuwa 0.4. In ya doshi milimita 1, silindar ta cinye. Haka ma in akwai karcen da farce ke maƙalewa a ciki. Sabon ringi a irin wannan silinda ba ya hana hayaƙi, sai a yi borin ko a canza bulok.

Boris kuma a juya shi da hannu, in yana gurnani ko yana rawa, a jefar.

Bayan an haɗa inji, a juye baƙin mai idan ya yi aikin awa 20.