Kan Jirgi Mai Hayaƙi da Ƙasar Kurfai

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita kusan 180 ce, kuma da zarar matafiyi ya baro babban birni, ba zai ƙara tsallaka ƙarfen dogo ba har ya sauka cikin Dallol. Ƙasar Kurfai ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Raƙumi da jaki da takarkari su ne suka ɗauki kayan kasuwar Lahadi, har babbar mota ta zo ta karɓe su. Saboda haka mai karatu na iya mamakin abin da ya kawo zancen kan jirgi mai hayaƙi cikin littafin tunawa da cikar sarauta shekara ɗari. Dalili shi ne tarihin sarauta bai tsaya a ƙofar fada ba. Ya haɗa da tarihin talakawan da suka riƙa fita neman kuɗin haraji da na aure suna komowa, kuma a kan hanyar waɗannan mutane ne jirgin yake.

A zamanin mulkin mallaka Faransawa sun shimfiɗa layin dogo har huɗu da suka raɗa wa sunan Nijar, wato kogin Kwara, amma babu ko ɗaya da ya tako ƙasar nan. Na Dakar ya tsaya a Kulikoro, cikin Mali ta yau. Na Abijan ya kai Bobo Julaso a 1934, ya lallaɓa ya isa Wagadugu a 1954, ya tsaya. Na Kwatano ya kai Faraku a 1936, nan ƙarfinsa ya ƙare. Na huɗu, wanda gwamnatin Vishi ta ba da umarnin ginawa a 1941 don ya keta Sahara daga Aljeriya, ya ɗan wuce Beshar kaɗan rairayi ya ci shi. Kowane ɗayansu an zana shi a taswira har bakin kogi, amma ban da na Dakar da ya kai kogin, sauran kuɗi da niyya sun ƙare kafin su iso, domin a lissafin masu mulki na lokacin abin da za a fitar daga ƙasar nan bai kai ya biya kuɗin ƙarfe ba.

A gefen Ingilishi labarin ya bambanta. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a shekarar da ta biyo baya, kuma daga nan ne gyaɗa ta zama dukiya, har aka ga dalar buhunhuna tana jiran tarago. Reshe ɗaya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, duka biyun suna kallon iyakar Nijar. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta daɗe tana bin wannan hanya zuwa Ikko, sai a shekarun 1950 Faransawa suka kafa shirin da suka kira Hirondelle, wanda ya karkata wani kaso nata da manyan motoci zuwa Faraku, daga can jirgi ya kai ta Kwatano. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomai da Nijar mai kula da wannan layi. Ke nan Nijar ta yi shekaru tana da hannun jari a jirgin da bai taɓa shigowa cikinta ba. Akwai kuma wani cikas da ba kowa ya lura da shi ba: faɗin dogon Faransawa mita guda ne cif, na Ingilishi a Najeriya da Gana milimita 1,067. Bambancin bai kai tsawon yatsa ba, amma ya isa ya hana jirgin Kano hawa layin Faraku.

Kurfayawa dai a Kurmi suka fi sanin jirgi. Bayan an gama girbi aka shigar da gero rumbu, samari kan ɗauki sanda da gora su nufi kudu, mafi yawa a ƙasa, tafiyar makonni, ta ƙasar Gurma da Mosi har Kumasi. A can dogo ya riga ya iso daga Sekondi tun 1903, bayan ya ratsa ma'adinan zinariya na Tarkwa da Obuwasi, kuma a 1923 aka haɗa Kumasi da Ankara. Mutumin da ya taso bai san abin da ya fi doki gudu ba, sai ga shi tsaye gaban baƙin ƙarfe mai numfashi kamar raƙumi ya yi fushi, yana jan kayan da ayari goma ba za su ɗauka ba. Wasu dako suka yi a tasha, wasu lodin katako da koko, wasu suka shiga ramin zinariya. Jirgin shi ne ya kai su bakin teku, shi ne kuma ya dawo da su Kumasi da akwatin ƙarfe, da turmin atamfa, da laima, kafin su sake kama hanyar gida.

Shaidar da ta fi nuna yadda jirgi ya shiga zukatan mutanen ƙasar nan ta fito daga inda ba a zata ba. A wajen 1925, a zamanin Gado Namalaya, wata mace mai suna Shibo a yankin Shikal ta fara hawan wasu sababbin iskoki da aka sani da Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. Iskokin suna kwaikwayon Nasara da sojojinsa. Kumandan na Yamai, Krosikiya, ya sa aka kama mabiyan aka tsare su, abin bai mutu ba, sai ma ya bi ƴan cin rani zuwa Kurmi. Da Jan Rush ya ɗauki fim ɗin wani taronsu a kusa da Ankara a 1954, a cikin iskokin da suka sauka, ban da gwamna da janar da kofur, har da direban jirgin ƙasa, wanda ke kai da kawo a fili kamar kan jirgi na sauya layi. Malamai sun daɗe da yin tir da wannan al'ada, kuma ba yabonta ya kawo zancen ba. Abin lura shi ne mutanen da suka jera masu iko na zamaninsu sun sa direban jirgi a sahu ɗaya da gwamna. Al'adar da aka haifa a Kurfai, inda babu dogo, ita ce ta ba shi wannan matsayi.

Direban ya cancanci wani abu daga cikin wannan girma, domin aikin ba na rago ba ne. Kan jirgi mai hayaƙi tukunya ce doguwa kwance bisa ƙafafun ƙarfe. A bayanta akwai murhu, daga murhun kuma bututu masu yawa sun ratsa cikin ruwa zuwa bakin hayaƙi. Zafin da ke bi ta bututun shi ke tafasa ruwa, tururi ya taru ya matsu har ƙarfinsa ya ninka na iskar waje sau goma sha biyu ko fiye, sannan a sake shi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Kafin jirgin safe ya tashi, sai an hura wuta tun cikin dare, a hankali, don idan ƙarfe ya yi zafi farat ɗaya yakan tsage. Mutum biyu ne a kai: direba da mai zuba kwal. Na biyun yana tsaye da shebur tun daga tasha har tasha, ido ɗaya ga wuta, ido ɗaya ga gilashin da ke nuna yawan ruwa, domin in ruwa ya janye daga rufin murhu, tukunya na iya fashewa ta hallaka su duka. Shekaru mutum kan yi yana goge jirgi da kwashe toka kafin a ba shi shebur, ya ƙara wasu shekaru kafin a ba shi tuƙi.

Kwal ɗin jiragen Najeriya daga Inugu yake zuwa, inda aka fara haƙarsa a 1915. Amma abin da jirgi ya fi ci ruwa ne, domin kilo guda na kwal na ƙafar da lita shida ko bakwai. Shi ya sa duk tsohuwar tasha take da tankin ruwa a bisa dogayen ƙafafu. Kuma ba kowane ruwa ba. Mai gishiri na barin ɓawo cikin tukunya, mai kanwa na yin kumfa ya bi tururi ya ɓata aiki. Wanda ya san rijiyoyin Dallol Boso da kanwarsu zai gane cewa da dogo ya biyo ta nan, da masu kula da tukunya sun sha fama.

Wannan yawan hidima shi ya kashe jirgin hayaƙi. Injin gazuwal ana tayar da shi cikin mintoci, ba ya neman tanki a kowace tasha, ba ya bukatar mai shebur. Najeriya ta fara kawo irinsa a tsakiyar shekarun 1950, ƴan shekaru kaɗan bayan ta sayo manyan kawunan hayaƙi daga Ingila waɗanda aka sa wa sunayen kogunan ƙasar. Kafin ƙarshen shekarun 1970 hayaƙin ya kusa ɗaukewa baki ɗaya. Aka jera tsofaffin kawuna a bayan shago, ciyawa ta rufe su, masu sayen tsohon ƙarfe suka fara da jan ƙarfe da tagulla, sannan suka dawo da wutar yanka.

Kaɗan ne suka tsira. A Minna an ajiye ɗan ƙaramin kan jirgin da ya yi aiki a gajeren layin Zungeru tun farkon zuwan Turawa Arewa. A Jos akwai abin da ya rage na siririn jirgin da ya haɗa Zariya da ƙasar kuza daga 1914 har aka rufe shi a 1957. A Ebute Meta ta Ikko wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Jaekel House, ta mai da shi gidan tarihi mai hotuna da kayan aiki. Duk waɗannan abin yabo ne, sai dai kan jirgin da ke tsaye bisa siminti da sabon fenti kamar sirdi ne rataye a zaure: yana nuna an taɓa yin doki a gidan.

Tayar da shi ya yi tafiya wani aiki ne dabam. A Birtaniya, inda aka daina amfani da hayaƙi a manyan layuka a 1968, wani mai sayen tsohon ƙarfe a garin Bari ya jinkirta yanka kawunan da ya saya, har ƙungiyoyin masu sha'awa suka fanshi 213 daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun koma aiki, amma ƙa'idar can ita ce duk shekara goma sai an tsayar da kan jirgi, an zare bututunsa, an binciki tukunya ciki da waje, kuma kuɗin wannan kaɗai yakan sa wani ya yi shekaru a ajiye. A Saliyo, da aka rufe layin ƙasar a 1974, wasu ma'aikata sun killace kawuna da taragu a tsohon shagon gyara na Firitawun, ciki har da taragon da aka shirya don ziyarar Sarauniyar Ingila ta 1961. Sun tsallake yaƙin basasa a nan, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi a 2005. Ɗaya daga cikin kawunan ƙasar, mai lamba 85, an saye shi aka kai shi Birtaniya a 1975, ya yi shekaru yana jan ƴan yawon buɗe ido a can, alhali ƴan uwansa na gida suna tsaye.

Misalin da ya fi dacewa da talakan ƙasa shi ne na Iritiriya. Layin Masawa zuwa Asmara, wanda Italiyawa suka kammala a 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, yana hawa daga bakin teku zuwa tudu mai tsawon mita fiye da 2,000. Yaƙi ya tsayar da shi a shekarun 1970, aka tumɓuke ƙarafansa aka yi ramukan tsaro da su. Bayan samun ƴanci gwamnatin ƙasar ta ƙi cin bashin waje don gyaransa. Ta sa aka tattaro ƙarafan daga fagagen yaƙi, ta kuma kira tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya, wasu sun haura saba'in, suka komo shago suka tayar da kawunan da aka ƙera tun shekarun 1930. A 2003 jirgi ya sake isa Asmara. Ƙarfen ya jira shekara ashirin da wani abu bai lalace ba. Da an ƙara shekara goma, da babu sauran wanda ya san yadda ake ɗaure bututun tukunya, kuma da ba a tayar da ko ɗaya ba.

Nijar ta samu tashar jirginta ta farko a Yamai a 2014, aka kammala shimfiɗa dogo zuwa Doso a 2016, amma shari'a da rashin haɗa shi da Faraku suka hana shi shiga jigilar yau da kullum. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Ko da waɗannan sun kankama, ba hayaƙi za su yi ba, don haka kan jirgin da kakannin Kurfayawa suka sani ba zai taɓa shigowa ƙasar nan da ƙafarsa ba.

Rabon Kurfai a wannan tarihi yana cikin gidaje. Da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana a ƙarshen 1969, mutane da yawa sun dawo gida ba su sake komawa ba, kuma su ne na ƙarshe da suka hau jirgin hayaƙi a matsayin abin hawa na yau da kullum. Saurayin da ke da shekara ashirin a lokacin, yau ya haura saba'in da biyar. A ɗakunan irin waɗannan dattawa, a Filinge da Shikal da Bonkuku da sauran garuruwa, ana iya samun akwatin ƙarfe na Kumasi, da tsohuwar takardar aiki, da hoton da aka ɗauka a bakin tasha, kuma a bakinsu akwai sunayen tashoshi a jere, da kuɗin tikiti, da yadda garwashi ke shiga ido in an leƙa ta taga. Ɗaukar wannan ba ya bukatar kwal ko tankin ruwa. Na'urar ɗaukar murya ta isa, da izinin fada, da ɗaki guda mai rufi mai kyau inda gara ba za ta kai ga takarda ba.