Aikin gayya a wayar hannu: abin da manhajar 'yan sa kai ke bukata a Zangon Kumasi

Aikin sa kai, wato hidimar da mutum ke yi wa jama'a ba don a biya shi ba, tsohon abu ne a Zangon Kumasi. Hausawa suna kiransa aikin gayya, Asantawa kuma suna da irinsa a gona da suke kira nnoboa. Sabon abu shi ne ƙoƙarin haɗa mai son taimako da inda ake bukatarsa ta wayar hannu.

Kumasi babban birnin Asante ne, kuma zangonsa ya bunƙasa bayan da Turawan Ingila suka kame garin a 1896, lokacin da fataken goro da sojojin Hausawa suka yi ta sauka. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya riga ya tarwatsa 'yan kasuwar can zuwa wasu garuruwa. A yau idan an ce zango, ana nufin unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line da Mossi Zango, inda Hausawa da Mossi da Dagomba da Zabarmawa da wasu ƙabilu ke zaune tare, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su. Littafin Enid Schildkrout mai suna People of the Zongo, na 1978, a kan wannan al'umma aka rubuta shi.

Yawancin aikin sa kai a nan ba shi da ofis ko rajista. Matasa ne ke haƙa kabari da share maƙabarta, su yashe kwalbati kafin damina, su shimfiɗa tabarmi a filin idi. Mata suna haɗuwa su yi girki a gidan suna ko gidan rasuwa, malamai da yawa na makarantun dare kuma ba su da albashi. Hanyar kira ita ce sanarwar liman bayan salla, da bakin sarakunan ƙabilu, da gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa irin su Zuria FM, sai kuma zaurukan WhatsApp. Gwamnati ma ta jingina da wannan ɗabi'a: bayan annobar kwalara ta 2014, ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata a matsayin ranar tsaftar ƙasa.

Matsalar ita ce sanarwa tana isa ga wanda yake wurin ne kaɗai. Matar aure da ke cikin gida, da ɗan kasuwar da ya wuni a Kejetia, da ɗalibin jami'ar KNUST, sau da yawa sai an gama aiki suke ji. A WhatsApp kuwa, saƙon neman jini ga mara lafiya a asibitin koyarwa na Komfo Anokye yakan nutse cikin gaisuwar Juma'a, ko ya ci gaba da yawo mako biyu bayan bukatar ta wuce. Wannan giɓin ne ya kamata manhaja ta cike.

Abu na farko da mai tsarawa zai duba shi ne irin wayar da ke hannun mutane. Manhajar da sai an sauke ta, tana cin data, ta riga ta ware tsofaffi da masu ƙaramar waya. Ghana tana da misali a gida: MTN ta fara MoMo a 2009, kuma 'yar kasuwar da ba ta taɓa shiga intanet ba tana danna *170# ta aika kuɗi. Irin wannan lamba, da ake kira USSD, tana aiki a kowace waya. Ana iya yin rajistar ɗan sa kai da tambayoyi uku: unguwa, abin da ya iya, ranar da yake da sarari.

Sai harshe, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Makarantun boko na Ghana da Turanci suke koyarwa, don haka da yawa daga masu jin Hausa a zango ba su saba karanta ta da boko ba. Wani dattijo ma ajami ko Larabci ya fi masa sauƙi. Rubuta menu da Hausar Kano ba zai warware wannan ba. Murya ce mafita, kuma a Kumasi ɗin nan aka gwada ta: kamfanin VOTO Mobile, wanda ya koma Viamo, a nan ya fara a 2012, Farmerline kuma tun 2013 take aika wa manoma saƙon murya da harsunansu. Kiran da mutum zai ji da Hausa ko Twi, ya danna 1 idan zai zo, ya fi shafi mai hotuna amfani.

Batun wuri ya fi sauƙi. Tun Oktoba 2017 akwai GhanaPostGPS da ke ba kowane fili mai mita 5 sau 5 lambar adireshi. Amma a lungunan Aboabo har yanzu kwatance ake yi da masallaci ko gidan wane, saboda haka a haɗa biyun.

Tambayar katin shaida ita ce mai zafi. Wanda za a tura gidan tsohuwa ko wajen yara dole a san ko wane ne. Sai dai mutanen zango ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, kuma har yau akwai waɗanda aka haifi kakanninsu a Kumasi amma ana tuhumar asalinsu wajen karɓar takardu. Manhajar da ta fara da neman lambar Ghana Card za ta kori wasu tun daga ƙofa. Ga shara da yashe kwalbati, suna da lambar waya sun isa. Ga aikin da ya shafi masu rauni, shaidar liman ko shugabar ƙungiyar mata ta fi dacewa da yadda ake yarda da mutum a nan. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, Act 843, ta hana tara bayanan da suka wuce bukata.

Akwai darasi daga Ingila. A Maris 2020, lokacin korona, mutum 750,000 suka yi rajista cikin 'yan kwanaki don taimaka wa hukumar lafiya ta ƙasar ta manhajar GoodSAM, da yawansu kuma suka yi makonni ba a ba su aiki ba. Tara suna ya fi tara aiki sauƙi. Tsarin zango zai tsaya ne idan masallatai da makarantun Islamiyya da majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo da Asawase ke ƙarƙashinta, suna shigar da ayyuka a kai a kai, kuma ana rufe sanarwa da zarar an samu isassun hannuwa.

Kuɗin kira da saƙo ba ya biyan kansa. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da Act 964 a 2017, yana cikin wuraren da za a iya nema, ko da yake ma'aikatar da aka ƙirƙira don zango a wannan shekarar an soke ta a 2021. Ɗaya hanyar ita ce gudummawa ta MoMo, wadda ta yi sauƙi tun da aka soke harajin E-Levy a Afrilu 2025, musamman daga 'yan zango mazauna Jamus da Amurka da ba za su iya riƙe shebur a Aboabo ba amma za su iya sayensa.