Ƙananan likitoci a Magarya da Dungas: nauyin da suka ɗauka lokacin korona

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a kan iyaka da Najeriya. Yankin yana da yawan jama'a da ƙarancin likitoci, a ƙasar da likita ɗaya yake duba fiye da mutum dubu goma. Galibin waɗanda ake turawa irin waɗannan asibitoci matasa ne da suka gama karatu ba da daɗewa ba, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a ƙetare. Wasunsu suna bautar ƙasa, wasu suna aikin kwantaragi.

Aikin da korona ta tarar

Tun shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa sashen yara na asibitin Magarya. Kowace shekara, daga damina zuwa kaka, masassarar cizon sauro da tamowa suna haɗuwa su cika ɗakunan kwanciya. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara sama da 700 ne suke kwance a sashen, kuma kimanin goma suna rasuwa kowace rana. Cikin irin wannan aiki annobar ta sami matasan likitocin.

An gano mutum na farko mai ɗauke da korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, a Yamai. Hukuma ta rufe iyakoki, ta hana sallar jam'i, abin da ya jawo tarzoma a Mirriya, cikin jihar Damagaram. A watan Mayu cutar ta yi ajalin ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar.

Abin da ya fi damunsu

Na farko tsoro ne. Ana tura samfurin gwaji nesa, ana jiran sakamako. Tari da zafin jiki kuma alamu ne da ake gani a cututtuka da dama, don haka likita ba ya iya bambancewa da ido. Idan ya tashi daga aiki, yana komawa gida da fargabar kai wa iyalinsa cutar.

Na biyu rashin yarda. Mutane da yawa sun ɗauki korona ciwon Turawa ko dabarar cin kuɗi. Wasu iyaye sun ƙaurace wa asibiti don gudun a killace su, sai yaro ya galabaita sannan a kawo shi. Likitan da ya yi iya ƙoƙarinsa yaro ya cika a hannunsa yakan daɗe yana tuhumar kansa.

Na uku kaɗaici. Ƙaramin likita a karkara sau da yawa shi yake yanke hukunci cikin dare: wa za a fara sa wa iskar numfashi, wa za a tura babban asibitin Damagaram. Ba kullum ake samun babba kusa da zai tambaya ba. A al'adance kuma ana sa ran likita ya dake, saboda haka da wuya ya faɗi damuwarsa. Masana suna kiran abin da ke biyo baya ƙonewar zuciya da aiki: rashin barci, saurin fushi, da jin cewa wahalar ba ta da amfani.

Bayan annobar

An fara rigakafin korona a Nijar a ƙarshen Maris 2021, amma likitocin ba su huta ba. Amai da gudawa sun ɓulla a yankin a 2021, sanƙarau kuma ya biyo baya a 2022 da 2023.

Abubuwan da suke rage wa likita wannan nauyi sanannu ne: biyan albashi kan lokaci, hutu bayan aikin dare, wadatattun kayan kariya, da babban likita mai sauraron na ƙasa da shi. Jama'a ma suna da nasu rabo. Kai yaro asibiti tun ranar da masassara ta fara yana ceton ransa, yana kuma sauƙaƙa wa wanda zai duba shi.